Ɗis a Ƙasan Shafi

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan, da aikin kantin magani. Ni lafiyata ƙalau, sai murar da ta zaga ɗakin kwananmu ta kama kowa, yanzu ta sake ni. Umma ta zo ziyara watan jiya, ƙafarta ta yi sauƙi. Ta ce in gaishe ki, kuma in tambaye ki ko don zumuncin na nesa ne kika manta gidan da ya riƙe ki shekara shida kamar 'yar cikinsa. Ni dai saƙo na isar.

Yaya, na daɗe ina juya biro kafin in fara, kin san ni da kunya ko a takarda. An kawo mana sabuwar malamar zane, ta ce wannan zangon za mu yi zane mai motsi na sakan goma sha biyu. Kowa za ta ɗauki kalmar sauti guda ta sa a gan ta da ido. Ta nannaɗe 'yan takardu a gwangwani muka ɗiba. Ina ta addu'a in samu "dum-dum" na bugun zuciya, ina buɗewa na ga "ɗis". Ƙanwar mijinki da muke aji ɗaya, wadda muke kira Rediyo don ba a iya kashe ta, ta samu "garam". Ta leƙa tawa ta ce, "Allah ya san halin kowa. Ni ya ba ni ƙofa, Auta ya ba ta famfo mai yoyo." Aka kwashe da dariya, na ji kamar in nutse a kujera.

Ga yadda ake yi. Ana zane a kusurwar shafi ta ƙasa, kowane zane ya ɗan bambanta da na bayansa. In aka lanƙwasa littafin aka saki shafukan da babban yatsa, sai zanen ya motsa. Daga nan a ɗora shi a ƙarƙashin kyamarar da aka ɗaure tana kallon tebur, a ɗauki shafi bayan shafi. Hoto goma sha biyu ne sakan ɗaya, wato zane ɗari da arba'in da huɗu. Malama ta ce kowa ta nemo littafi mai kauri. Ni kuwa mai kauri ɗaya ne a akwatina, littafin soyayyar nan naki mai jan bango da kika bari a bayan durowa lokacin da kika yi aure.

Kin tuna kin yi rubutu da shuɗin biro a ƙasan shafukan? Layi ɗaya-ɗaya. "Yau mai agogo ya ɗago ya kalle ni." "Na jiƙa agogona da gangan don in koma." Yaya, sai da na yi kuka. Ban taɓa sanin haka kuka fara da maigidan ba, a shagon agogon babansu. Naku ya fi na cikin littafin daɗi, tunda da gaske ya ƙare da aure.

Sai na zana ɗigona a saman rubutunki. Harafin farko shi ne famfon, bakinsa ya kumbura, ruwa ya taru ya yi nauyi, ya faɗo a kan kalmominki, ɗis. A majigi, rubutun yana kaɗawa kamar ruwa a kwano. Malama ta kalla sau uku ta ce, "Ke, wa ya koya miki wannan?" Ta zaɓi guda uku da za a haska a babban zaure ranar ziyarar iyaye ta ƙarshen zango, kuma nawa yana ciki. Tunda na shigo makarantar nan ba a taɓa kiran sunana a zaure ba, ko don laifi.

Ke na fara gaya wa, don rabinsa naki ne.

Ƙanwarki,
Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaishe da Umma.

Wa ya ba ki izinin taɓa kayana? Abin da aka tura bayan durowa ajiya ce, ba yarwa ba. Ko a makarantar ba a koya muku cewa rubutun da ba a yi don ke ba, ba a karanta shi? Kika zauna kika bi shi layi-layi, har da kukanki, sannan kika kai shi ƙarƙashin kyamara kamar tallan sabulu. Kuma kika rubuto min kina jiran in yi miki guɗa.

Tun kina ƙarama haka kike. A gan ki shiru a lungu a ce yarinyar kirki, nan kuwa idonki yana cikin jakar kowa.

Ga abin da za ki yi, kuma ba shawara nake ba ki ba. Ki je wurin malamar nan ki ce a goge hotunan daga kwamfuta, gaba ɗaya. Ki ce kin fasa, ko ki ce ba ki da lafiya, ki ce duk abin da kika ga dama. Littafin kuma ki ƙona shi, ko ki naɗe shi ki aiko min ta gidan waya. Ki nemi wata takarda ki zana famfonki, ai ɗigon ruwa ne, ba hoton mutum ba. Ko ɗan raino zai iya.

Da na kira wayar makarantarku, sai na tuna a teburin sakatariya take, ita kuma kunnenta ya fi na kowa. Saboda haka ki ba ni amsa a takarda ranar da wannan ta iso. Abu ɗaya nake son sani kafin komai: ƙanwar maigidan ta gani? Ta karanta? Kada ki yi min kwana-kwana irin na littattafanki. Eh ko a'a.

Yayarki


Yaya,

Salamu alaikum. Na ji kuna lafiya, Allah ya ƙara. Ni ma lafiya, in ban da kaina da yake ciwo tun ranar da na buɗe takardarki a layin karɓar wasiƙu, ina murmushi kamar sakarya.

Ɗan raino zai iya? To, ki nemo shi ya zo ya yi. Mako biyar na yi a kan zanen nan. Duk hutun tara ina ɗakin zane, hancina a gilashin taga, ina ɗora shafi a kan shafi don in ga na ƙasa, kada ɗigon ya goce ko da faɗin gashi. In ya goce sai ya yi tsalle a majigi kamar ƙuda. Sau biyu na rasa abincin rana. Yatsana na tsakiya ya yi kanta. Wajen da ɗigon yake tsinkewa daga bakin famfo kaɗai zane goma sha tara ne, na goge na sake har takardar ta kusa hujewa. Ba ki tambaye ni ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Kin ce idona yana cikin jakar kowa. Ni kuma na tuna ranar da kika ɗauki littafin insha'ina kika karanta wa ƙawayenki a tsakar gida, kina kwaikwayon muryata, suna faɗuwa don dariya. Ina aji uku na firamare. A bayan ƙofar kicin na tsaya har suka tafi. Wa ya ba ki izini ranar?

Kin ce eh ko a'a. Ta gani, ba ta karanta ba. Babu mai iya karantawa in yana gudu. Da aka haska mana a aji cewa ta yi, "Waɗannan tsutsotsin na ƙasa fa, su ma a cikin ruwan suke?" Littafin kuma yana kulle a akwatina.

Amma gara ki sani tun yanzu. Malama ta ce ranar ziyara, bayan an haska shi da gudu, za ta mayar da nawa baya ta bi shi hoto ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don iyaye su ga yadda ake yin aikin. Nawa ta zaɓa don wannan, ba na kowa ba.

Ni ban gane abin kunyar ba. Mutum ya so wani, ya aure shi. A littattafai mutane mutuwa suke yi ba su samu haka ba. Ko dai abin da ya ɓata miki rai shi ne Auta ta yi wani abu da za a tafa mata? Ba zan goge ba. Surukarki kullum a layin gaba take zama saboda idonta. Ranar nan za ta karanta da kanta abin da yake zuciyarki game da ɗanta, daga baya kya gode min.

Auta


Auta,

Salamu alaikum. Maigidan ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya warke. Ni ba zan ce miki ina lafiya ba.

Takardarki ta yi mako guda a hanya, ta yi kwana huɗu a jakata. A tsaye na karanta ta a bayan kanta. Da na zo layin ƙarshe, na miƙa wa wata mata maganin da ba nata ba, sai da abokiyar aikina ta riƙe min hannu. Na ɗauka barazana kike yi min. Na ce yarinyar nan ta gano, tana rama abin da na yi mata a tsakar gida. Kwana uku ina tsine miki a zuci. A na huɗu na sake karantawa, na ga abin da ya fi wannan muni. Ba mugunta kike yi ba, ba ki san komai ba ne. Kin cika kanki da littattafan da duk wanda aka so a shafin farko shi ake aura a na ƙarshe.

To, buɗe kunnenki, sau ɗaya zan faɗa.

'Ya'ya biyu ne suke zama a shagon agogon nan a lokacin. Ki ɗauko littafin ki nemo inda na rubuta cewa ya karɓi agogona da hannunsa na hagu mai tabon ƙuna. Sannan ki tuna hannun mijina. Kin sha ganinsa yana cin abinci a falon Umma. Akwai tabo?

Wansa ne, Auta.

Bai taɓa sani ba. Kallon da na rubuta, kallon da yake yi wa duk wanda ya shigo shago ne. Ina shekara goma sha bakwai, kamar ke, kaina cike da abin da naki yake cike da shi. Ya auri wata, na yi kukana a banɗaki na wanke fuska. Bayan shekara biyu ƙanen ya zo, wanda kullum yake ba ni kujera ban taɓa kallonsa ba. Kada ki kuskura ki ji tausayina ko nasa. Ina sonsa, irin son da babu shi a littattafanki. In na dawo aiki ƙafafuna a kumbure, ruwan ɗumi nake tararwa a bokiti, kuma ba ya faɗa min shi ya ɗora.

Yanzu matar wan ƙawata ce. Ɗiyarsu ta fari a bayana ta yi wayo. In surukata ta ga "hannun hagu mai tabon ƙuna" da rubutuna a bangon zaure, da girman allo, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ita ta shafa wa ƙunar nan magani da hannunta. Rediyon taku kuma kafin a watse ta kai labarin bakin ƙofar makaranta. Mijina ba zai ce min komai ba, na san shi. Zai dai riƙa yin shiru duk ranar da wansa ya yi sallama, har mu tsufa.

Abin insha'in nan na tuna shi. Ban kyauta ba. Amma kada ki gwada min shi da wannan.

Sauran kwana goma sha shida, in an cire na hanya sai abin da ya rage. Kin matsa sai da na faɗi abin da ko Umma ba ta sani ba. Yanzu ina hannunki, sai ki ji daɗi. Ki yayyaga takardar nan ƙanana ki zuba a wurare biyu.

Yayarki


Yaya,

Salamu alaikum. An yi ziyara jiya, kowa lafiya. Surukarki ta zo, Umma ma ta zo. Ki kwantar da hankalinki ki karanta a zaune.

Na nemo shafin. Na zana ɗigo a kansa, na ɗauke shi hoto, na karanta shi ya fi sau goma, ban taɓa tsayawa a kan tabon ba. Na ji haushin kaina, amma naki ya fi. Kin ɓata min labari guda ɗaya da na ɗauka ya faru da gaske. Yanzu duk littafin da na buɗe, da saurayin ya shigo sai in fara tambayar ko yana da wa.

Ba zan ɓoye miki ba, yini guda na yi ina cewa a raina bari kawai in ƙyale. Ba ni na rubuta ba, ba ni na jiƙa agogo ba.

Washegari na je wurin Malama na ce ina so in sake ɗauka. Ta cire tabarau ta ce, "Abin da bai lalace ba za ki gyara? Kin san sauran kwana nawa?" Na ce takwas. Ta ce, "To, mene ne dalili?" Na tsaya ina kallon takalmina. Ta ce, "Ke matsalarki kenan, hannunki yana magana, bakinki ba ya yi." Da ta fita na zauna a kwamfutar, na goge hotunan da hannuna, na bi su inda gogaggu suke taruwa na sake gogewa. Don kada in samu hanyar komawa.

Sabon zane ɗari da arba'in da huɗu ba ya yiwuwa a kwana takwas. Sai na yi dabara. Na ɗauki baƙar tawada da buroshi na zana kwano a kan rubutunki, shafi bayan shafi, ya zama ɗigon a cikin baƙin kwano yake faɗawa. A kaina abin ya yi kyau. Amma takardar littafinki sirara ce, ta tsufa. Tawadar ta ratsa ta fita ta baya, ta manne shafuka, ta cinye ɗigon a wurare da yawa. Wajen tsinkewar nan da na gaya miki, a cikin goma sha tara shida ne suka tsira. Da na ga ta fara ratsawa a shafi na biyar na san abin da zai faru. Na ci gaba.

Da aka haska sabon a aji, kwanon yana tsalle, ɗigon yana ɓacewa yana dawowa. Rediyo ta ce, "Kai! Wannan ai ba ɗis ba ne, caɓal ne." Wannan karon ban yi dariya ba. Malama ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min. Ta kalle ni ta ce, "Da hannunki kika yi wannan?" Na ce eh. Ta soke sunana ta sa na mai "tsulum".

Na riga na rubuta wa Umma tun farko cewa za a haska nawa, na manta ban sake rubuta mata ba. Ta zo da sabon mayafi, ta taho da maƙwabciyarmu don ta gani. A layi na biyu suka zauna, a bayan surukarki. Aka haska ƙofar Rediyo, garam, haruffan suka tarwatse, surukarki ta tafa har zobenta ya faɗi. Aka haska sauran biyun. Aka kunna fitila. Umma ta waiwayo tana nemana da ido, na sunkuyar da kai. A waje ta ce, "Ina naki, Auta?" Na ce ya lalace. Maƙwabciyar ta ce, "Ayya, ai yarinta ce, wata rana za ki iya."

Ga littafinki a cikin ƙunshin nan. Babu abin da ya rage a ko'ina. Takardarki ma na yayyaga yadda kika ce.

Kada ki gode min, ba na so. In kin zo gida ki gaishe ni in amsa, shi ke nan.

Auta


Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ƙunshin ya iso ranar Talata, a kanti aka kawo min.

Kin ce kada in gode, to ban gode ba. Abin da aka yi wa Umma a zauren nan ya tsaya min a rai, kuma na san ni ce sila. Zan rubuta mata, ban dai san me zan ce ba tukuna.

Na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa, na lanƙwasa littafin na saki shafukan yadda kika kwatanta. Sun manne, sai da na bi su da tsinke. A karo na uku ya yi gudu. Na ga famfon. Na ga inda ruwan yake taruwa kafin tawada ta cinye shi. Ɗan raino ba zai iya ba. Na faɗa, kada ki sa in maimaita.

Daga nan na yi abin da ban yi niyya ba. Na je bakin taga na riƙa ɗaga shafukan a rana, ɗaya bayan ɗaya, ko shuɗin biron zai nuna ta ƙarƙashin baƙin. Shekara bakwai rabon da in buɗe littafin nan, ban ma san ina tuna shi ba. Har abokiyar aikina ta buga ƙofa ta ce, "Lafiya? Mutane sun cika layi." Na ce ina zuwa. Na kai shafi na ƙarshe.

Kin iya aiki, Auta. Ko kalma ɗaya ba ki bar min ba.

Ni na ce ki yi, na sani. Da kin bari ma da na ci mutuncinki. Amma yarinyar da ta yi rubutun nan ba ta da wani wuri sai ƙasan shafukan nan, kuma kin bi ta da buroshi har gida.

Ke kina fushi da ni, ni ina fushi da ke. Mu bar shi a haka zuwa wani lokaci.

Yayarki